Wata goma sha huɗu ina fama da ciwon baya, a gida ana ganin ƙyuya ce

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Argungu, shekaruna 39, 'ya'yana shida, na ƙarshen ta hanyar tiyata na haife shi shekara biyu da suka wuce. Sana'ata gumin shinkafa. Yau wata goma sha huɗu ke nan ƙuguna yana ciwo. In na daɗe a duƙe ba na iya miƙewa sai na dafa gwiwa, wani lokaci ciwon ya sauko har ɗuwawun dama. Na je wani asibiti aka yi mini hoton ƙashi, aka ce ƙashin bayana ya fara gogewa, in bar aiki in kwanta. Na kwanta kusan wata guda, da na tashi abin ya fi na da. Maigida yana sayo mini haɗin ƙwayoyi a kemis, suna kwantar da ciwon, amma yanzu ƙirjina yana zafi, fuskata kuma ta cicciko. Mahaifiyata ta ce allurar da aka yi mini a baya ranar tiyata ce, in je a yi mini ƙaho ko a kai ni wurin maɗori. Uwar mijina ta ce ƙyuya ce kawai, ita ta haifi goma ba ta taɓa kwanciya ba. Abokiyar zamana da ke karɓar mini girki ta fara nuna gajiya. Babban tsorona kada in wayi gari na kasa tafiya. Ku ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu da jiki, Allah Ya sa kaffara ne. Ciwonki na gaske ne, kuma macen da ke ɗaga tukunyar gumi tana neman na kanta ba ta yi kama da mai ƙyuya ba. Game da tsoron da ke cin ki kuwa, irin ciwon da kika siffanta, wanda ke tashi da duƙawa ya tsaya a ƙugu da ɗuwawu, ba shi ne ke gurguntar da mutum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020, kuma a cikin kowane goma, kusan tara ba a samun wata muguwar cuta a ƙarƙashin ciwon nasu. Yawancinsu da ƙafafunsu suke yawo, suna noma, suna kasuwa.

Amma akwai wancan ɗayan na cikin goma, kuma ba zan so mu wuce shi ba. Ki dubi jikinki da kyau. Idan kika ji tsakanin cinyoyinki da wajen zama sun mutu, kina tsarki ba kya jin ruwan yadda kika saba, ko fitsari ya ƙi fita, ko yana zubowa ba ki sani ba, ko bayan gida ya kuɓuce miki, ko ƙafa tana rasa ƙarfi har silifa yana suɓucewa kina tuntuɓe, wannan jijiyoyin laka ne aka danne. Ba a kwana da shi a gida, ranar za a kama hanyar Birnin Kebbi. Akwai kuma alamomin da ba na gudu ba ne amma suna son likita a cikin makon: zazzaɓin yamma da zufar dare, rama ba dalili, ciwon da ke tayar da ke tsakar dare ko ya kika kwanta, ko ƙullutu ya fito a kan ƙashin baya. A ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya ko mutum ba ya tari, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai yakan ɗauki kusan shekara. Sannan ke mace ce, ƙugu da mara maƙwabta ne. Fitar ruwa mai wari, jini bayan kwanciyar aure ko a tsakanin al'ada, zafin fitsari, ciwo a gefe ɗaya ƙarƙashin haƙarƙari, duk waɗannan suna nuna mahaifa ko ƙoda, kuma gwajin fitsari da hoton ciki sun fi hoton ƙashi amfani a kansu. Ba ki ambaci ko ɗaya a wasiƙarki ba, shi ya sa hankalina ya ɗan kwanta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙar taki shi ne ƙullin ƙwayoyin nan. Zafin ƙirji da cikar fuska ba su zo a banza ba. Irin wannan haɗi yakan ƙunshi daikulofenak ko ibufurofen, wani lokaci duka biyun a ƙulli ɗaya, kuma dangi ɗaya ne, haɗa su ba ya ƙara sauƙi sai dai ya ninka ɓarnar da suke yi wa tumbi da ƙoda. Su ne ke buɗe gyambon ciki. Cikar fuska kuwa ta fi kama da aikin deksametason ko firedinisolon, ƙwayoyin da ke sa mutum ya ji garau kwana biyu, amma idan aka daɗe a kansu suna tayar da suga da hawan jini, suna raunana garkuwar jiki, kuma suna sa ƙashi ya yi rauni, wato shi ƙashin bayan da ake son a ceta. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Wasu masu kemis har tiramadol suke jefawa a ciki, wanda jiki ke sabawa da shi har ya zama in babu shi ciwon ya fi na da.

Ga inda ake kuskure: kada ki ji wannan ki watsar da su yau ɗin nan. Idan akwai deksametason a ciki kuma kin yi makonni kina sha, yanke shi dare ɗaya yana iya jawo kasala mai tsanani, amai da saukar awon jini ƙasa sosai, domin jiki ya rage yin nasa sinadarin, sai an janye shi a hankali. Ki ɗauki ƙulli ɗaya kamar yadda aka sayo shi, maigida ya tambayi mai kemis sunan kowace ƙwaya ya rubuta a takarda, ku kai wa likita a makon nan. Ki roƙi a auna miki jini, suga da aikin ƙoda. Idan bayan gidanki ya koma baƙi kamar kwalta ko kika yi aman jini, wannan gyambon ne ya fashe, ba a jira. Nan gaba in likita ya ga ana iya ba ki maganin ciwo, guda ɗaya ne, bayan cin abinci, na 'yan kwanaki a lokacin da ciwon ya taso, ba na kullum ba. Farasitamol ya fi sauƙi ga tumbi, babba ba ya wuce ƙwaya takwas masu nauyin 500 a yini, ko da yake a ciwon baya aikinsa kaɗan ne. In kuma kina zargin kina da juna biyu, ki faɗa kafin a rubuta miki komai.

Yanzu maganar hoton. A ƙugu akwai ƙasusuwa biyar a jere, tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai ɗan ruwa a cikinsa da ke aikin matashi, ga tsokoki da jijiyoyi sun ɗaure su ta ko'ina. Da shekaru faifan yakan rage ruwa ya ɗan lotsa, gefen ƙashi ya yi ɗan tsiro. Wannan shi ne abin da aka ce miki gogewa. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara hotunan bayan mutane fiye da 3,000 waɗanda ba su da ciwon baya ko kaɗan, ya sami irin wannan canji a kashi 37 cikin ɗari na 'yan shekara 20, kashi 68 na 'yan shekara 40, kashi 96 na 'yan shekara 80. Da za a jera matan layinku sa'o'inki a yi musu hoto, fiye da rabi haka za a gani, har da waɗanda ke yi miki kallon mai son jiki. Furfurar ƙashi ce. Ba ta nufin bayanki yana dab da karyewa.

To me ke ciwon? In ciwo ya wuce wata uku, sau da yawa ainihin raunin da ya fara kawo shi ya warke, amma jijiyoyin wurin sun zama masu saurin kuka, kamar karen da aka taɓa shigar wa gida, yanzu ko ganye ya motsa sai ya yi haushi. Tsokoki suna ɗaurewa don su kāre wurin, ɗaurewar ta kawo gajiya, gajiyar ta kawo wani ciwon. Rashin barci da ɓacin rai suna ƙara wa wannan wuta itace, shi ya sa ranar da aka yi miki gori a gida za ki ji ƙugun ya fi nauyi, kuma wannan ba raki ba ne, haka jijiya take aiki. Watan da kika yi a kwance shi ya ƙarasa lamarin: tsoka tana zubewa cikin makonni kaɗan in ba a mora ta, gaɓoɓi su sandare, sai kika tashi da baya mai rauni kika koma wa tukunya mai nauyin da. Kwanciya ta kwana ɗaya ko biyu ranar da ciwo ya yi tsanani ba laifi, fiye da haka cutarwa ce.

Maganin da ya fi kowanne tabbas shi ne motsi, amma da awo. Ki fara da tafiya. Gobe da safe ki zaga tsakar gida ko ki taka zuwa gidan wata 'yar'uwa, ki lura minti nawa kike yi kafin ciwon ya fara hawa. In minti goma sha biyu ne, to ki riƙa yin takwas ko tara, safe da yamma, kullum, ranar daɗi da ranar wuya. Bayan kowane kwana huɗu ki ƙara minti ɗaya ko biyu har ki kai rabin awa. Tarkon da mata da yawa ke faɗawa shi ne ranar da suka ji dama su rama bashin aikin mako guda, wanki da shara da gumi, washegari su kasa tashi, sai su ce motsi ne ya cuce su.

Bayan sallar asuba, tun kina kan darduma, ki ba bayanki minti goma. Ki kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, tafin ƙafa a ƙasa. Ki matse ciki ki danna ƙugunki ya manne da dardumar, ki ƙirga biyar ki saki, sau goma, kina numfashi ba ki riƙe shi ba. Sai ki jawo gwiwa ɗaya zuwa ƙirji da hannu biyu, ki ƙirga ashirin, ki canja ƙafa, sau uku kowace. Ki haɗa gwiwoyin ki karkatar da su dama a hankali sannan hagu, kafaɗu na manne da ƙasa, sau goma. Sannan ki ɗaga ɗuwawu sama har cinya da ciki su miƙe, ki ƙirga biyar ki sauke, ki fara da sau biyar ki kai goma. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci a gare ki, domin tsokar ɗuwawu ita ce ya kamata ta ɗaga kaya, in ta yi rauni sai ƙugu ya karɓi aikin da ba nasa ba. Bayan mako biyu ki ƙara da rarrafe: hannu da gwiwa a ƙasa, ki miƙa ƙafa ɗaya baya daidai tsayin jiki ba tare da ƙugu ya lotsa ba, ki ƙirga biyar, ki canja. Da rana kuma ki zauna kan kujera mai tsayi ki miƙe ba tare da dafa komai ba, sau goma. Ɗan ƙarin ciwo ko tsamin jiki da ya lafa kafin washegari ba matsala ba ne. Wanda ake tsayawa dominsa shi ne ciwon da ya harba ƙasa da gwiwa kamar wutar lantarki, ko ƙafa ta ɗau mutuwa. In wani motsi ya yi haka, ki bar shi ki ci gaba da sauran, ki faɗa wa likita.

Ba zan ce ki bar gumi ba. Da shi kike rufa wa kanki asiri, kuma zaman banza ba ya warkar da baya. Aikin za a gyara. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne in ta cika, ki raba ruwan a bokiti biyu rabi-rabi, ɗaya a kowane hannu. Buhun shanshera ba naki ba ne yanzu, a zuba miki a kwano-kwano ko samarin gida su kai shi bakin murhu. Kada ki sauke tukunya da shinkafar a ciki, ki kwashe da ƙwarya ko kwando har ta yi sauƙi. Abin da ya fi wahalar da ƙugu shi ne a duƙa a ɗauki kaya nesa da jiki sannan a murɗa da shi, kuma haka ake yi wajen juye shinkafa kan shimfiɗar shanya. Ki matso da kayan jikinki, ki lanƙwasa gwiwa, in za ki juya ki juya da ƙafafu. Wajen baza shanya ki sa a yi miki manjagara mai doguwar ƙota, tsintsiya ma a ɗaura mata sanda. Bahon wanki ya hau kan benci ko kifaffen turmi. Duk aikin da ke duƙar da ke, bayan minti ashirin ki miƙe, ki dafa ƙugu da hannu biyu ki ɗan karkata baya sau uku. A makonnin farko ki rage yawan buhunan da kike karɓa zuwa rabi. Yaro ɗan shekara biyu kuma ya isa ya taka, goyon a rage shi.

Da dare ki gasa wurin da tsumma mai ɗumi minti goma sha biyar zuwa ashirin, ɗumin da fata ke iya jurewa. Ki kwanta a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu. Ba dole ne sai kin koma kan siminti ba, katifar da ta lotsa a tsakiya kawai ake gudu. Ɗamarar baya da ake tallatawa kada ki kashe kuɗinki a kai, ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a Disambar 2023 sun sa ta cikin abubuwan da ba a so a dogara da su, tare da jan ƙashin baya da na'ura da ƙwayoyi dangin tiramadol. Sallah kuwa, ranar da ruku'u ya gagara addini ya yi miki rangwamen zama, amma da kin ji dama ki koma tsayuwa.

Mahaifiyarki tausayi ne ya sa ta neman dalili, kuma ba ita kaɗai ke zargin allurar tiyata ba. Allurar tana iya barin tsami a wurin na 'yan kwanaki ko makonni, amma bincike bai nuna tana jawo ciwon baya na shekaru ba, ke ma sai bayan kusan wata goma naki ya fara. Ciki shida, tsokar ciki da aka yanka ba a sake ƙarfafa ta ba, da komawa aiki mai nauyi, sun fi kusa da zama dalili. Ƙaho yana iya ba ki sauƙin kwana biyu, ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi, kuma aska da ƙahon da suka bi jikin wani suna ɗaukar ciwon hanta. A halin da kike ciki, da zargin gyambo da ƙwayoyin da ke hana rauni saurin warkewa, ban so a zubar miki da jini. Masu ɗori, irin waɗanda Aliero ta yi suna da su, karaya da targaɗe ne fagensu, ke kuwa babu abin da ya karye ko ya goce. Tausa mai sauƙi da man zafi Inna na iya yi miki da hannunta, amma kada kowa ya taka miki baya ko ya ja shi da ƙarfi.

Uwar mijinki ba da gardama za ki shawo kanta ba, kuma kada ki gwada. Ta taso a zamanin da mace ba ta faɗin ciwo, ga shi ciwon baya ba ya kumburi ba ya jini balle a gani. Wannan aikin ɗanta ne. Shi maigida, duk da ƙwayoyin sun cutar, ya saye su ne don ba ya son ganinki cikin wahala, don haka kada ki buɗe zancen da zargi. Ki ce masa, "Maigida, kuɗin haɗin nan na wata ɗaya mu tara mu ga likitan gashin ƙashi, kuma ina so ka shiga tare da ni ka ji da kunnenka." In ya ji daga bakin likita, shi zai san lafazin da zai gaya wa Hajiya. Kada kuma kunya ta hana ki gaya masa in kwanciyar aure tana tayar da ciwon, domin shiru a nan yakan sa miji ya ɗauka gudunsa ake yi, alhali sauya yanayin kwanciya zuwa gefe yakan wadatar.

Abokiyar zamanki tana da gaskiyarta. Ta yi watanni tana girkin mutum biyu, ba ta san ranar ƙarewa ba, kowa ma zai gaji. Ki same ta ku biyu ki gode mata da baki, in da hali ki haɗa da ɗan turmin atamfa ko kwanon shinkafa daga ribarki. Sannan ku yi musayar aiki a fili: ke ki karɓi tsintar shinkafa, gyaran kayan miya, kitson yara da duba karatunsu, ita ko 'yan matan gida su riƙe tuƙin tuwo, ɗiban ruwa da sauke tukunya. Ki faɗa mata cewa kina sa ran karɓar kwanan girkinki a hankali cikin wata biyu zuwa uku, ki fara da abincin rana.

Wannan wa'adin ba don a faranta mata rai na faɗe shi ba. Mai yin motsin nan kullum yakan fara ganin canji tsakanin mako shida zuwa goma sha biyu, kuma canjin yakan fara ne da iya daɗewa a tsaye da samun barci, kafin ciwon kansa ya ja baya. Za a sami ranakun da zai dawo kamar ba a yi komai ba. Ranar ki rage tafiyar zuwa rabi, ki gasa, ki yi motsin kwance masu sauƙi, bayan kwana biyu ko uku ki koma inda kika tsaya. Ki fara da babban asibitin Argungu saboda maganar ƙwayoyin da gwaje-gwajen, ki nemi takardar turawa zuwa sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, inda za a duba ƙarfin ƙafafunki a gyara miki motsin daidai jikinki. Ba sai kina zuwa kowane mako ba, ziyara biyu ko uku da aiki a gida sun isa mutane da yawa. Hoton MRI mai tsada da zancen tiyata ba sa tasowa sai in ciwon ya sauka ƙafa ya ƙi lafawa bayan watanni, ko ɗaya daga alamomin da na lissafa a farko ta bayyana. Ranar zuwa ki riƙe tsohon hoton, ƙullin ƙwayoyin, da 'yar takardar da kika rubuta minti nawa kike iya tafiya a makon farko.